Ranar da Minti-Biyar Ya Buɗe Birkin Baya

Maƙwabcina yana da suna na yanka, amma babu mai kiransa da shi a layinmu. Minti-Biyar muke ce masa, domin duk abin da ya lalace a duniya, in aka nuna masa, sai ya karkata kai ya ce, "Wannan ai aikin minti biyar ne." Fankar falonsa ta taɓa yin 'yar ƙara, ya ba ta minti biyar, yanzu tana juyawa shiru amma iskar sama take turawa. Famfon tsakar gidansa ya taɓa ɗiga, ya ba shi minti biyar, muka kwana uku muna tsallake ruwa. A ofishin ajiye takardu ya yi aiki har ya yi ritaya, ban san inda ya samo ilimin ƙarfe ba, shi ma bai taɓa faɗa ba.

Ni malamin makaranta ne, gidana yana manne da nasa. Motocinmu iri ɗaya ne, kamfani ɗaya, shekara ɗaya, tawa fara, tasa shuɗiya. Ni na riga shi saye, amma a cewarsa shi ya ba ni shawara. Layin namu kuma gangare ne, yana sauka a hankali har ƙarshe, inda wani mai gini ya zube tulin yashi.

Autarsa ta gama karatu, wani kamfanin rarraba magunguna ya ɗauke ta aiki, da sharaɗin ta kawo lasisin tuƙi kafin ƙarshen mako. Ta taɓa zuwa gwajin sau ɗaya ta faɗi. A kan tudu aka ce ta tsaya ta ja birkin hannu, ta ja, motar babanta ta ci gaba da silalowa baya. Aka sake ba ta rana, Alhamis ƙarfe uku, kuma babu wata ranar bayan wannan. In ta faɗi, aikin ya tafi. Yarinyar nan a gabana ta girma, ni na koya mata lissafi, don haka abin ya dame ni kamar 'yata ce.

Ƙarfe takwas na safiyar Alhamis ina shan shayi a ƙofar gida na ji muryarta.

"Baba, ba ni makulli in kai wa Dogo ya duba birkin hannun nan."

Dogo shi ne bakaniken da ke bakin titi. Minti-Biyar ya fito da singileti da akwatin kayan aiki, kamar dama a bayan ƙofa yake jira.

"Dogo? Me Dogo ya sani? Dogo guduma ya sani. Wannan ai aikin minti biyar ne."

Maman Auta ta leƙo ta taga. "Baban Auta, don girman Allah."

"Ki koma ciki. Aikin maza ne."

Na ga fuskar Auta ta canza, sai na ce, "Kar ki damu. Ga tawa nan, iri ɗaya ce. In abin ya ƙi, ki je da ita." Ta ce ta gode, Kawu Malam. Da na san abin da zai biyo baya, da a lokacin na tuƙa motar na kai ta wata unguwa.

Ya sa dutse a gaban taya, ya ɗaga bayan motar da jak, ya tokare ta da bulo, ya cire tayoyin baya duka biyu. Har nan babu laifi. A bayan kowace taya akwai wani kwanon ƙarfe mai nauyi da kanikawa ke kira duram, a cikinsa birkin yake. Ya kama kwanon ya ja, ko gezau. Ya sake ja. Ya ɗauko guduma, wannan da ya ce ita kaɗai Dogo ya sani.

Awa ɗaya yana dukan kwanon. Tela ya bar kekensa ya zo. Mai shago ya zo. Mai wanki da guga ya zo da rigar wani a kafaɗa. Minti-Biyar yana duka yana bayani.

"Tsatsa ce. Mutanen da ba su sani ba sai su ce ya maƙale. Bai maƙale ba. Tsatsa ce ta riƙe shi."

Mai shago ya ce, "To meye bambancin?"

"Kai sukari kake sayarwa ko birki?"

Maman Auta ta fito zubar da ruwa, ta leƙa cikin motar a kan hanyarta. "Wannan sandar da ke tsaye, ba ita ce ke riƙe tayar baya ba?"

Birkin hannu a ja yake tun safe. Minti-Biyar ya dubi sandar, ya dubi matarsa.

"Da gangan na bar shi. Gwada ƙarfinsa nake yi."

Ya sa hannu ya sauke, ya dawo ya kama kwanon da dukan ƙarfinsa kamar yadda ya saba. Kwanon ya taho ba gardama, shi da maigidan suka tafi tare har cikin bokitin mai wanki. Ya tashi yana ɗiga, ya ce, "Kun gani? Dukan ne ya sassauta shi."

Muka matso muka leƙa. A ciki akwai ƙarafa biyu masu lanƙwasa suna fuskantar juna, su ne ke buɗewa su kama kwanon in an taka birki. Tsakaninsu sifirin ne manya da ƙanana, wato naɗaɗɗun ƙarafa masu miƙewa su dawo, sun sarƙe da juna, ga 'yan ƙusoshi, ga wani ƙarfe mai haƙora, ga waya ta shigo ta ƙasa. Ko ni da ban san komai ba na ga abu ne da ba a taɓa shi da garaje.

Tela ya ce, "Ni dai in zan farke riga, hannu ɗaya nake farkewa in bar ɗayan, don in ga yadda aka ɗinka."

"Wannan dabarar masu mantuwa ce," in ji Minti-Biyar. "Mu hoto muke ɗauka." Ya miƙa wa mai shago wayarsa. Sai da ya gyara singileti, ya tsuguna a gaban tayar, ya ɗaga sifana, sannan ya ce a ɗauka. Aka ɗauki huɗu.

Daga nan ya hau farkewa. Ya aika aka kawo masa tiren shayin matarsa, kofuna aka kwashe, cokali aka manta. Duk abin da ya ɓalle sai ya jefa cikin tire. Ya gama hagu, ya zagaya ya farke dama, duk a tire ɗaya. Sifirin ɗaya ya kufce daga bakin filaya ya wuce ta gefen kunnen tela ya bugi ƙofar gidana, aka tsinto masa.

"Malam, shiga ka taka birki in ga yadda yake numfashi."

Na ce, "A buɗe haka?"

"Kai ne bakaniken ko ni?"

Wannan laifina ne, na yarda. Na shiga na taka. Na ji wani abu ya yi fus, ƙafata ta tafi har ƙasa. Da na fito, wani ɗan tulun mai da ke tura ƙarafan birkin ya tofo cikinsa, man birki yana gangarowa daga goshin Minti-Biyar zuwa gemunsa.

Ya goge da singileti. "Madalla. Dama tsohon mai ne, so nake ya fita."

Ƙarfe goma sha ɗaya ya ce lokacin mayarwa ya yi, a ba shi waya. Muka taru muka duba hotunan. A na farko ga Minti-Biyar yana murmushi. A na biyu ga shi yana nuna sifana. A na uku ya ɗaure fuska irin ta ƙwararru. A na huɗu ana iya ganin gefen kwanon, kamar faɗin farce, a bayan kunnensa.

Ya juya kan mai shago. "Wa ya ce ka ɗauke ni?"

"Kai ka ce in jira ka gyara riga."

Auta tana tsaye a bakin ƙofa da littafin dokokin hanya a hannu, tun safe shafi ɗaya take kallo. Babanta ya yi ta ɗaukar sifirin yana gwadawa a nan, yana gwadawa a can, yana mayarwa. Can sai ya ɗago, ya ƙura wa motata ido, irin kallon da akuya ke yi wa shanyar hatsi.

"Malam, ai taka iri ɗaya ce da tawa."

"A'a."

"Kallo kawai zan yi. In cire kwanon, in gani, in mayar. Ko yatsa ba zan sa ba."

"Wannan motar ita ce ta rage wa Auta."

"Shi ya sa nake so in gama da wuri, kar ta dame ka. Minti biyar."

Ban san abin da ya shiga kaina ba. Ina jin kunyar maƙwabtaka ce, shekara ashirin muna gaisawa. Na ba shi makulli, aka kira ni a waya daga makaranta, na shiga gida in amsa. Ban fi minti goma ba. Da na fito, motata tana kan bulo, tayar hagu a kwance, ƙarafan birkina biyu a jingine da bango, ƙananan kayan kuma duk sun bi 'yan uwansu cikin tire.

Raina ya ɓaci. Da ƙyar na ce, "Kallo kawai ka ce."

"Kallon nake yi. Na gaba sun tare na baya, dole in cire su in ga na bayan."

"To ka gani?"

"Da na cire na gaban sai na bayan suka zubo." Ya share gumi, ya dubi ɗaya ɓangaren motata. "Amma akwai ta dama."

Na shiga gida na ɗauko kujera, na dasa ta a gaban tayar dama, na zauna. A duk layin, ita kaɗai ce tayar da ta rage wadda ta san yadda aka haɗa ta. Na ce masa duk wanda zai taɓa ta sai ya fara kwance ni.

Auta ta ajiye littafin ta fita, bayan ɗan lokaci ta dawo da Dogo. Ƙarfe ɗaya ta wuce. Dogo mutum ne mai ƙarancin magana. Ya dubi shuɗiyar mota, ya dubi farar, ya dubi tiren, ya daɗe a kan tiren.

"Yallaɓai, sannu da aiki."

"Wa ya kira ka?"

"Wucewa nake yi."

"To wuce. Na rantse babu bakaniken da zai taɓa motata."

"Ba zan taɓa ba. Ta Malam zan haɗa. A ba ni kayansa."

"Kayansa suna cikin nawa. Ka bari in gama, abin da ya rage nasa ne."

Dogo ya ce, "Na dama da na hagu ba ɗaya ba ne fa, yallaɓai. Kamar takalmi suke."

"Ka ga na yi kama da wanda bai san takalmi ba?"

Ya ɗauki tire ya rungume, ya ce idon jama'a ne ke hana shi aiki. Ya sa aka ɗauko zanen gado, ya ɗaura daga jikin mota zuwa tagar gida, ya shige baya. Muka zauna muna sauraro. Ƙwanƙwasa, tsaki, wani abu ya faɗi, tsaki, shiru, sannan guduma. Dogo ya roƙe ni in matsa da kujera, ya cire kwanon dama na motata da tafin hannu, ya leƙa sau ɗaya, ya mayar, ya samu dutse ya zauna. Auta tana duba agogo. Maman Auta ta fito ta tsaya da hannu a ƙugu, ba ta koma ba.

Ƙarfe biyu saura kaɗan zanen gado ya faɗi. Ga shuɗiyar mota a kan tayoyinta huɗu. Ga Minti-Biyar baƙi ƙirin har gwiwar hannu, ya ɗaga tire sama ya kife shi a gaban kowa.

"Ku duba da kyau. Ko ƙusa ɗaya bai rage ba. Kanikawa in sun yi aiki sai ka ga sun bar saura. Ni ba na barin saura."

Mai wanki ya fara tafi, ya ga shi kaɗai ne, ya daina.

Dogo ya ce, "Na Malam fa?"

"Na Malam me?"

"Kayan taya uku ne a tiren. Taya biyu ka haɗa."

Minti-Biyar ya dubi tire. Na ga lissafin yana shiga masa a hankali, amma bai bari ya kai fuska ba.

"Na ƙara wa motar ƙarfi ne. Kamfani rowa suke yi. Yanzu Auta ba ta buƙatar motar kowa."

"A buɗe in gani, yallaɓai."

"Ba buɗewa ake yi ba, gwadawa ake yi. Ku matsa."

Ya shiga ya ja birkin hannu. Sandar ta tashi ba ƙara ko ɗaya, har sai da ta kusa kallon kujerar baya. Ya ce wannan alamar laushi ce. Ya fito, ya sa ƙafa ya ture dutsen da ke gaban taya, ya juya wa motar baya, ya fuskanci jama'a.

"Abin da mutane ba su gane ba game da birki," ya fara, "shi ne birki haƙuri yake so."

Motar ta fara tafiya. Ba gudu take ba, tafiyar tsohuwa mai zuwa unguwa take yi, tana wata ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Tela ne ya ɗaga yatsa ya nuna.

"Kar ka katse ni. Birki, in ka fahimce shi..."

"Baba, mota!"

Ya waiga. Ya fara binta da tafiya, don kar a ce gudu ya yi. Da ya ga tana ƙara sauri sai ya bar mutunci ya ruga, ya faɗa ciki ƙafa ɗaya a waje, ya taka birki. Man da ya ce so yake ya fita, ai ya fita. Auta tana gudu a baya tana ihu, "Sa giya! Baba, sa giya!" Muka ga abin goge gilashi ya fara aiki. Sai hon. Sai fitilar kwana, ta hagu, alhali layin babu kwana. Motar ta sauka har ƙarshen gangare ta cusa hanci cikin tulin yashi, ta tsaya.

Layin gaba ɗaya muka bi ta. Muka same shi a zaune yana riƙe da sitiyari, abin goge gilashi yana share yashi. Ya sauke gilashi.

"Ta tsaya ko ba ta tsaya ba?"

Wasu suka fashe da dariya. Auta ba ta yi dariya ba. Ta zo bakin tagar tana haki, idonta ya cika.

"Baba, ƙarfe biyu da minti goma. Shekara biyu ina neman aikin nan. Ban ce ka iya ba, ban ce ba ka iya ba. Sifirin ɗin Kawu Malam kawai nake so."

Minti-Biyar ya saki sitiyari. Ya dubi 'yarsa, ya dubi hannayensa. Har ga Allah ya ba ni tausayi, duk da motata tana kan bulo. Ya fito, ya buɗe but, ya ɗauko sifanar taya, ya miƙa wa Dogo ba tare da ya kalle shi ba.

"Ba taɓawa za ka yi ba. Buɗewa kawai."

"Buɗewa kawai, yallaɓai."

Dogo ya ɗaga motar, ya cire taya, ya zare kwanon hagu. Kaya suka zubo ƙasa. Sifirin, ƙusoshi, 'yan zobba, ƙarfe mai haƙora guda biyu. Duk abin da bai san wurinsa ba, a cikin kwanon ya zuba ya rufe. Dogo yana tsinta yana ajiyewa a kan tsumma. Ya zare na dama, sauran suka zubo, daga ƙarshe wani abu mai sheƙi ya faɗo ya yi ƙara a kan dutse.

Maman Auta ta sunkuya ta ɗauka. "Cokalina."

Mai shago ya ce, "Shi ma na ƙarin ƙarfi ne?"

Minti-Biyar ya ce, "Ya yi kama da wani abu da na cire."

Dogo ya zaɓi na motata ya haura layin da sauri, mu duka muna biye. Minti ashirin ya yi. Ya haɗa, ya mayar da kwano da taya, ya shiga ya yi gaba ya yi baya yana taka birki, ya tsaya a tsakiyar gangaren ya ja birkin hannu, muka ji ƙas-ƙas-ƙas, motar ta kafe. Ya fito ya miƙa wa Auta makulli. Minti-Biyar yana gefe yana cewa a hankali, "Haka nan na so in yi."

Na shiga gaba kusa da Auta. Za mu tashi ke nan Maman Auta ta buga gilashi.

"Malam, ku tafi da shi."

"Ai gara ya huta."

"Injin wankina yana 'yar ƙara tun jiya, kuma ya ji. Ku tafi da shi."

Haka ya shiga baya, da man birki a gemu. Muna cikin tafiya sai ya karkata kunne ya ce kamar yana jin wani abu a ƙarƙashi. Ni da Auta muka ce "Babu komai" a tare.

Saura minti huɗu muka isa. Aka zaunar da mu a benci tare da iyayen wasu, daga nan ana hango tudun. Muka ga farar motata ta hau, ta tsaya a tsakiya, jami'in gwaji yana gefen Auta da takarda. Da na waiga, na ga Minti-Biyar ya damƙe bakin bencin da hannu biyu, leɓɓansa suna motsi. Motar ta tsaya cak, ba ta ja da baya ko taƙi ɗaya ba. Can ta tashi lafiya ta haye tudun.

Auta ta dawo da takarda a hannu tana dariya tana kuka. Ta wuce ni ta je wurin babanta ta durƙusa ta nuna masa. Ya karɓa ya riƙe ta ta gefe don kar ya ɓata ta da baƙin mai, ya karanta sau biyu, ya goge ido da bayan hannu, baƙin ya koma fuska.

Wani dattijo da ke kusa da shi ya ce, "Barka. Amma motar nan taku birkinta yana da kyau. Ɗana sau biyu yana silalowa a wurin nan."

Minti-Biyar ya gyara zama, ya miƙe ƙafa.

"Ni na buɗe birkin nan da hannuna yau da safe."

Auta ta dube ni, na dube ta. Tun ƙarfe takwas nake tare da mutumin nan, wannan ce gaskiyar farko da ya faɗa, don haka muka ƙyale shi da ita.